Ƙofa Na Nan, Ganuwa Ta Tafi

Muna tsaye cikin cunkoso a Ƙofar Durɓi, Keke Napep ta tare gaba, mai baron lemo ya tare gefe, sai ɗan ƙanena da ke kujerar baya ya leƙa ta taga ya dubi ginin da ya yi mana rumfa ya ce, "Baba, wai wannan ƙofar ta shiga ina ce?" Na buɗe baki zan ce masa ta shiga gari ce, sai na waiga. Gari ne a gabanta, gari ne a bayanta, shaguna sun jeru hagu da dama. Yaron nan a Katsina aka yanke masa cibiya, yana aji biyar na firamare, amma bai taɓa ganin katangar da aka yi ƙofar dominta ba. Wuyan riga muka bar musu da aikinsa raɗau, rigar kuwa ta daɗe da yagewa.

Da na bi ba'asi sai na tarar makarantarsu ba ta taɓa kai su ko'ina ba. Ba Gobarau, ba gidan tarihi, balle a yi zancen fita bayan gari. Mu a namu zamanin, ƙarshen shekarun 1970, lokacin da shirin firamare kyauta ya cika azuzuwa har wasu na zaune a ƙasa, akwai rana guda a shekara da 'yan manyan aji ke ɗokinta fiye da hutu. Ita ce ranar da za a zuba mu a mota a kai mu ganin wuraren tarihi, a fita da hantsi, a dawo ana kiran magariba.

Shirin yakan fara tun ana sauran mako. Hedimasta ya yi sanarwa a taron safe, kowa ya kawo 'yan sulallansa na kuɗin mai. Daren tafiya a wanke yunifom a sa masa bula, a goge da dutsen guga na gawayi, a ninke a tura ƙarƙashin matashi. Kakata ce ta haɗa mani guzuri, ƙuli-ƙuli da aya da garin kwaki da ta ƙulle da ɗan sukari a ƙyalle, ga gorar ruwa. Da ta ji har Durɓi ta Kusheyi za a kai mu sai ta ajiye mazarinta ta kamo hannuna. "Ka ji ni da kyau. Kada ka hau kushewar kowa. Kada ka ɗauko ko tsakuwa ka sa aljihu. In kun zo gindin kuka ka yi sallama, ba ka san mai wurin ba." Ita ba ta taɓa taka wurin ba, ba ta kuma san sunan ko ɗaya daga cikin waɗanda ke kwance a can ba. Abin da ta sani shi ne wuri ne mai masu shi.

Da hasumiyar Gobarau aka fara, rana ba ta yi zafi ba. Matakalar ƙunci gare ta, ga duhu, ga warin jemagu da tsohuwar ƙasa. Kana hawa kafaɗarka na gogar bango, na bayanka na ingiza ka, na gabanka na ihun a bi sannu. Sai kawai ka ɓulla sarari, iska ta mare ka. Abin da ya rage na hasumiyar bai wuce mita 15 ba, amma a lokacin da galibin garin soraye ne na ƙasa, daga nan kana ganin Katsina ɗungurungum. Ga zankwaye, ga indararo, ga rimi da dabino da giginya sun tsaga tsakanin gidaje, kududdufai na ƙyalli, hayaƙin girki na tashi daga tsakar gidaje, wata mata can ƙasa tana shanyar gero ba ta san ana kallonta ba. Can nesa kuma wani jan layi ya kewayo, wani wuri ya yi tudu, wani wuri ya yi giɓi. Malaminmu ya nuna shi da tsumagiyarsa ya ce, "Waccan ita ce ganuwa. Abin da ke cikinta birni, abin da ke wajenta daji."

A nan sama ya ba mu labarin da kusan duk ɗan Katsina ya taso da shi. Korau ya ka da Sarki Sanau a kokawa, ya yanka shi da takobin nan Gajere, ya hau gadon sarauta. Da ya tashi gina masallaci malamai suka yi ta gardama kan alƙibla, har wani malami da ake kira Jodoma ya fusata ya miƙa sandarsa, jama'a suka hango Ka'aba ƙuru-ƙuru. Mun haɗiye labarin ba ko tauna, muka riƙa leƙen gabas ko mu ma za mu hango wani abu. Sai da na girma na karanta cewa masana na sa mulkin Muhammadu Korau a ƙarni na 15, cewa Shehu Magili ya ratsa Katsina wajen 1493, cewa Imam Suyuɗi daga Masar ya taɓa rubuto wa Sarkin Katsina Ibrahim wasiƙar nasiha. Garin da malamin Alƙahira ke aiko wa sarkinsa takarda ai ya san gabas tun kafin a ɗaga sanda. Duk da haka ban ga laifin Malam ba. Da ya fara mana da jerin shekaru, da ba wanda zai tuna da ranar.

Daga nan aka bi da mu ta filin Kangiwa, muka tsaya a Ƙofar Soro muna kallon dogarai da jajayen rigunansu. Sarki Usman Nagogo ne a kan gado, amma ba mu gan shi ba. Aka nuna mana tsohuwar Kwalejin Katsina da Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, aka ce a waɗannan ɗakunan ƙasa Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Abubakar Imam suka yi karatu. Har tausayinsu muka ji, don mu ajinmu na bulo ne da kwano. In mutum na neman ranar da ginin ƙasa ya fara mutuwa a garin nan, to ya dubi wannan tausayin na yara.

Ganuwa kam ba baƙuwarmu ba ce, ko Malam bai nuna ta ba. A kanta muke zamiya a kan kwali har gindin wando ya huje, a jikinta muke harbin ƙadangaru da danƙo, a gindinta muke tsintar magarya da aduwa. Amma a faɗi gaskiya komai ɗacinta, ganuwar da muka tarar juji ce, makewayi ce ga marasa shi, maɓoya ce ta 'yan caca. Kullum safiya kuma za ka ga jakai sun jeru da mangala, ana sarar gindinta ana lodawa. Duk wanda katangarsa ta zube da damina ya san inda zai samo jar ƙasa wadda kakanni suka riga suka cuɗa. Da yawan ganuwar Katsina na nan cikin gari ba ta je ko'ina ba, ta koma ɗakunan amare da zaurukan mutane. Katafila da masu yanka fuloti daga baya suka zo, suka ƙarasa abin da jakai suka fara. Saboda haka in na ji tsarana na kukan yaran yanzu ba su san darajar tarihi ba, sai in yi shiru.

A bakin ƙofa, kafin motarmu ta fita, Malam ya roƙi wani dattijo da ke zaune a inuwa yana tufka ya gaya mana yadda ƙofar take a da. Tsohon ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Ku yara mi kuka sani? Ƙyaure gare ta, mutum ɗaya bai iya tura shi. In almuru ta yi sarkin ƙofa ya rufe, wanda ya makara ya kwana waje da kuraye, ko ɗan wa ne." Muka yi ta mamaki, abin ya burge mu. Sai Malam ya ce, "Baba, ashe mutanen da sun ji daɗi." Tsohon ya ajiye igiyarsa. "Daɗi? Ubana, Allah shi jiƙan shi, ya ɗauki ƙasar ganuwar nan a ka har gashin tsakar kanshi ya ƙare. Ruwa na ɗaukewa ake shela, kowane hakimi da rabon da aka yanka mashi, shi kuma ya koro talakawanshi da bayi. Maza na cuɗa, mata na jido ruwa, dogari na tsaye da bulala. Ko anini ba a biyan ka. Ba don so aka yi ta ba, Malam, don tsoro aka yi ta."

Tsoron kuwa yana da dalili. Ganuwar ta girmi jihadi nesa ba kusa ba, ana danganta faɗaɗa ta ga Sarki Ali Murabus a ƙarni na 16, lokacin da Katsina ke karawa da Kano da sauran maƙwabta. Bayan Malam Ummarun Dallaje ya karɓi birnin a 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa, zuriyarsu na Maraɗi har yau suna amsa sunan Sarkin Katsina. Ba su haƙura ba. Shekara da shekaru suna kawo hari, musamman zamanin Ɗan Baskore, a ƙone gari, a kwashi mutane. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashen nan da sunan Abdulkarim, ya sauka Katsina a 1851. Ya ƙiyasta kewayen ganuwar mil 13 zuwa 14, ya ce garin da ya isa ya ɗauki mutum 100,000 bai tarar da fiye da 7,000 ko 8,000 a cikinsa ba. Sauran filin kufai ne da gonaki, fatake sun karkata Kano. Wato tun a wancan zamanin da muke yi wa kallon na albarka, wani baƙo ya tsaya a garin nan yana jimamin Katsinar da ta wuce.

A 1903 Bature Lugga ya shigo ta Ƙofar 'Yanɗaka, Sarki Abubakar ya tarbe shi, ba a harba ko kibiya ba. Daga ranar aikin ganuwa ya ƙare. Ginin ƙasa kuwa kullum yana bin mai shi bashin yaɓe. In ka daina biya, kowace damina sai ta yagi rabonta. Zaman lafiya ne ya ci ganuwar Katsina, kuma ban san mai hankalin da zai so a mayar da hannun agogo don ita ba. Maraɗawan da aka gina ta dominsu yau surukanmu ne, abokan cinikinmu ne, ta Jibiya ake shiga ake fita, har layin dogo ake shimfiɗawa tsakaninmu. Duk mai kukan ganuwa ya fara tambayar kansa, kakansa bulala ya riƙe ko kwandon ƙasa ya ɗauka.

Durɓi ta Kusheyi na gabas da birni, wajen kilomita 32, cikin ƙasar Mani. A babbar motar katako muka tafi, a tsaye, muna riƙe da juna, muna waƙe-waƙen makaranta har ƙura ta shaƙe mu muka yi tsit. Kaka ce, an yanke gero an jingina, karan dawa na tsaye, iska na ɗauke da ƙanshin harawa. Da aka ce mu sauko, mun isa, sai muka riƙa waige-waige. A zatonmu kabarin sarki gini ne mai tulluwa da dogari a ƙofa. Wani ya yi ƙarfin hali ya ce, "Malam, ina kaburburan?" Ya ce, "Ga su nan kuna kallo." Tuddai ne na ƙasa a tsakiyar gonaki, ciyawa ta bushe a kansu, akuyoyi na kiwo a gefe, ga kukoki manya-manya sun tsaya shiru.

Wani tsoho daga ƙauyen ya zo, ya tuɓe takalmansa tun daga nesa, ya tsuguna, sa'an nan ya fara lissafa mana sarakunan Durɓawa, tun daga Kumayau da aka ce jikan Bayajida ne har zuwa Sanau, wanda muka ji labarin yanka shi da safe a kan Gobarau. Nan abin ya shige ni. Ashe wanda aka kayar ma yana da gida, yana da kakanni, yana da masu tuɓe masa takalmi. A birni labarin na Korau ne, a nan kuwa murya ƙasa-ƙasa ake ba da shi. Wani ɗan ajinmu mai rawar kai ya ruga zai hau tudu mafi girma, tsohon bai ce komai ba, kallonsa kawai ya yi, yaron ya dawo da kansa kafin ma tsumagiyar Malam ta same shi. Muka jiƙa garinmu a inuwar kuka muka sha. Ga tsingaro birjik a ƙasa, wasu da zane a jikinsu. Hannuna ya yi ta ƙaiƙayi, amma maganar kakata ta fi ƙarfinsa.

Abin da ba mu sani ba, wanda ina jin Malam ma bai sani ba, shi ne an riga an taɓa buɗe wasu daga cikin tuddan. A 1907 Bature Richmond Palmer ya haƙa su da yardar Sarki Muhammadu Dikko, wanda shi kansa sarautar Durɓi yake riƙe da ita kafin a naɗa shi sarki a 1906. Kayan da aka fitar a wancan haƙon sun ɓace, ba a san inda suka shiga ba. A 1959 aka sa wurin cikin jerin wuraren tarihi na ƙasa. Sai a 1992 masu bincike daga Jamus tare da ma'aikatan hukumar gidajen tarihi suka buɗe wasu uku. Kowane tudu mutum ɗaya ne kwance a tsakiyarsa, kewaye da dukiya: mundaye na hauren giwa da na ƙarfe, duwatsun wuya, wuri, kayan ado na zinariya, tasoshin tagulla. An kai kayan birnin Mainz na Jamus aka gyara su, aka dawo da su Nijeriya a 2014. Binciken ya nuna an yi binne-binnen ne tsakanin ƙarni na 13 ko 14 zuwa na 15 ko 16.

Shi wurin da aka tono, irin na kuɗi, daga tekun Indiya ya fito. Ɗaya daga cikin tasoshin aikin ƙasashen Musulmi ne na gabas. Ke nan mutanen da ke kwance a ƙarƙashin ciyawar da akuyoyi ke ci, waɗanda wasu ke kawar da zancensu da cewa ai arna ne, suna da hannu a cinikin da ya ratsa Sahara ya kai Masar da gaba da ita. An binne su da kayansu, ba irin binnewar Musulunci ba, amma suna cin abinci a tasar da Musulmi ya ƙera. Musulunci bai faɗo ƙasar nan rana ɗaya ba, tafe ya yi ta yi a bayan raƙuma tsawon zamani, kuma shaidar tana cikin waɗannan tuddai.

Sai dai wani abu na ci mani tuwo a ƙwarya. Duk wannan ilimin ta hanyar da kakata ta hana aka same shi. An hau kushewa, an tona, an ɗauko abin da ke ciki an kai wata ƙasa. Da tana da rai ta ji, da ta yi salati ta ce duniya ta zo ƙarshe. Ni kuma ina jin daɗin sanin abin da na sani, ba zan ɓoye ba. Amma tsoron nan nata da muke yi wa dariya, shi ya tsare tuddan shekaru ɗaruruwa ba waya ba mai gadi, manomi na kewaye su da garmarsa bai taɓa gutsurarsu ba. Inda tsoron ya kau kuma hukuma ba ta maye gurbinsa ba, mun ga abin da ya biyo baya. A shekarar 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya ta sa gumakan yumɓu na Nok da na yankunan Sakkwato da Katsina cikin jerin kayan Afirka da aka fi sacewa ana fitarwa. Ba aljanu suka haƙo su ba, 'yan ƙasa ne, don 'yan kuɗin da ba su kai sati ba.

Da na yi niyyar rama wa yaran gidanmu abin da makaranta ta hana su, na ce ran Asabar za mu yi irin zagayen da aka yi da mu, har Durɓi. Uwarsu ta saurare ni har na gama, ta ce, "Yaya, cikin gari ku je duk inda kuke so. Ban da bayan gari." Na ce mata Mani gabas take, fitinar 'yan bindiga ta yamma ce, wajen Batsari da Safana da Jibiya. Ta ce, "Yaya, uwa ba ta san gabas da yamma ba." Ban ja da ita ba. Tun daren 11 ga Disamba 2020, da aka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, ba hedimastan da zai zuba 'ya'yan mutane a mota ya nufi daji da su zuciyarsa a kwance. Allah ya sa an sako yaran bayan kwana shida, amma abin da aka ɗauke daga zukatan iyaye bai dawo ba.

Abin ya ɗaure kai. Yankin Ruma, inda Ɗan Waire ya yi tsaron iyaka a ƙarshen ƙarni na 19, da dajin Rugu da mahara ke ratsowa ta cikinsa, su ne dai yau ake jin sunansu a rediyo. Mutanen ƙauye na kwasar tabarmi da tukunya suna gudowa birni, yadda kakanninsu suka yi, sai dai yanzu a kangon gini suke kwana. Ba ina cewa katangar ƙasa za ta tare mai babur da bindiga ba. Amma maganar tsoho mai tufka, cewa don tsoro aka yi ta, wadda muka ɗauka labarin da ne, yaran yanzu ba sa bukatar a fassara musu ita.

Muka yi zagayen cikin gari. Daga saman Gobarau yanzu kwano ne ke ƙyalli har iyakar ganinka, da tankunan ruwa, da farantan sola, da dogayen ƙarafan sabis da suka ninka hasumiyar tsawo. Na nemi jan layin nan na rasa. Yaran kuwa ko a jikinsu, hoto suke ta ɗauka. Wadda ta fi kowa tambaya 'yar ƙanena ce mai shekara goma sha uku, ita ta riƙa karanta mana bayanan da aka manna a gidan tarihin da tsohuwar Kwaleji ta koma. A motarmu ta katako 'yan mata ba su cika ba, waɗanda ke ajin ma galibi iyaye ba su bar su zuwa ba. Da na ambaci Durɓi, kafin in rufe baki ta nemo hotunan kayan a waya tana nuna mani. Tana ganin abin da ke cikin tudun da ba za a bar ta ta je ba. Mu da muka tsaya a gabansa muka shaƙi ƙurarsa, ba mu san komai a kansa ba. An ce gani ya kori ji, amma ban iya yanke wanda ya gani tsakanina da ita ba.

Mun biya ta maƙabartar Ɗanmarna. Can kakata ke zuwa ziyara da 'yar sadakarta, ta dawo da ƙasa a gefen zane ta shafa wa mai zazzaɓi. Tun da wa'azin yaƙi da bidi'a ya yi ƙarfi irin wannan ya ja baya ƙwarai, kuma ban yi asarar komai ba da aka bar neman magani a kabari, asibiti ya fi. Abin da ya tafi tare da shi ne ke damuna. Wali Ɗan Marina, mai sunan maƙabartar, da Wali Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667, malamai ne marubuta, littattafansu na nan. Da aka daina zuwa neman tubarraki sai aka daina ambatonsu gaba ɗaya. Babban yaron da ke tare da mu, mai shirin shiga jami'a, abin da ya sani game da wurin shi ne nan aka binne Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa a 2010.

Ƙofofin kuwa an sake su da siminti, an faɗaɗa su, a Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Kwaya har gadar ƙasa aka yi. Ba ni da ja. Ƙofar da aka auna da raƙumi da kayansa ba za ta wuce da tirela ba, kuma mai naƙuda a bayan mota ba ruwanta da tarihi. Illar ita ce ƙofar siminti ba ta bukatar magini na gargajiya, ɗan kwangila ya ishe ta. Masu iya murza tubali, da jera azara, da ɗaurin guga, da dafa makuba daga ɓawon ɗorawa a yi yaɓen da ruwa ba ya ci, tsufa suke yi, 'ya'yansu sun koma buga bulo don nan abinci yake. Ranar da Gobarau ta nemi gyara aka rasa su, wani zai zo ya lafta mata siminti da kyakkyawar niyya, simintin ya riƙe danshi a ciki, ƙasar ta ruɓe, wata damina a wayi gari ya ɓamɓaro da naman ginin. Ba dole ne a kai ga haka ba. Hasumiyar masallacin Agadas mai mita 27 ita ma ta ƙasa ce, an gina ta wajen 1515 aka sake ta a 1844, tana tsaye saboda garin bai bar maginansa sun ƙare ba, har UNESCO ta sa tsohon birnin cikin wuraren tarihi na duniya a 2013.

Ga hedimastocin cikin birni, Durɓi ta yi nisa a halin da ake ciki, mun yarda. Amma Gobarau da Ƙofar Soro da gidan tarihi da ƙofofin gari duk ana zagaye su tsakanin hantsi da azahar, ba a ratsa daji ko taku ɗaya ba. A kai yaran, mata da maza, a nemi dattijon unguwa ya yi musu bayani tun ana samun masu yi. Guntayen ganuwar da suka rage kuma masu unguwanni sun san inda kowanne yake. Gwamnatin jiha da masarauta su kira su, a auna, a kewaye, a ɗauko tsofaffin magina a biya su su yi yaɓe da yara a gefensu suna koyo, kafin ruwan bana ya sauka.